Sa Hannun Da Ya Koɗe

A wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da mamanta da kakanta a gida ɗaya. Bakinta ba ya hutawa. Shi ya sa Kaka yake kiranta Uwar Surutu.

Kaka mayen besbol ne, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Gwiwoyinsa sun daina gudu tuntuni, amma son wasan yana nan daram. Yana tara katuna masu hoton 'yan wasa a cikin akwatunan takalma. Ƙarƙashin gadonsa duk su ne.

Kati ɗaya ne ba ya kwana a akwatin takalmi. Shi yana cikin gidan roba mai haske, a kan teburin Kaka. Katin wani tsohon ɗan wasa ne mai suna Dewey Marchetti. A tsakiyar katin akwai 'yar taga, an saka guntun itace a ciki. Daga sandan da Marchetti ya buga ƙwallo da shi aka yanko itacen. A ƙasa kuma ga sa hannunsa da shuɗiyar tawada.

Matar Kaka, marigayiya Lorraine, ita ta saya masa ƙunshin katuna ranar zagayowar haihuwarsa. Da ya buɗe, sai ga wannan a ciki. Yarinyar ta ji labarin har ta haddace, amma kullum sai ta ce a sake mata.

Doka ɗaya ce a kan katin. "A kalla da ido, kada a taɓa da hannu."

Wata Lahadi da safe suna cin fanke da zuma. Kaka ya ɗauko katin, ya kai shi har bakin hancinsa. Ya runtse ido ɗaya.

"Kai, tsufa bai yi ba," in ji shi. "Da ƙyar nake ganin sa hannun nan. Ko tawadar ce ta koɗe, ko idona ne."

"Duka biyun ne, Kaka," in ji yarinyar. "Jiya ma gishiri ka zuba a shayi."

"Ji min ja'ira! Wa ya tambaye ki?"

Mama ta yi dariya. "Baba, ka ajiye katin nan kafin zuma ta ɗiga masa."

Kaka ya ajiye. Ya ce ranar Asabar za a yi taron masu tara kati a babban ɗakin makaranta. Abokinsa Mista Yoder, mai kantin katuna, ya roƙe shi ya kawo katin Marchetti. Za a saka shi cikin akwatin gilashi a gaba, kowa ya gani.

Kaka yana maganar yana murmushi. Amma yarinyar ta ji tausayinsa. Yaya mutum zai so abu haka, kuma ba ya iya ganinsa?

Ranar Alhamis ta dawo daga makaranta. Mama tana wurin aiki. Kaka ya yi barci a kujera, rediyo yana ta surutu shi kaɗai. Sai dabara ta faɗo mata.

Ta shiga ɗakin Kaka a hankali. Ta sa farce ta ɓalle gidan robar. Ta ciro shuɗiyar maka daga jakarta, irin alƙalamin nan mai kaurin baki. Ta zauna, ta zaro harshe, ta bi sa hannun harafi bayan harafi.

Da ta gama, sunan ya fito raɗau. Ta ji daɗi har ta yi tsalle. "Kaka zai yi murna!" ta ce a ranta.

Amma da ta sake dubawa, sai ta ga ta yi ɓarna. Wutsiyar harafin ƙarshe ta karkace. Tawada kuma ta ɗan malala. Ta tuna dokar Kaka. Da sauri ta rufe katin, ta mayar da shi inda yake.

Lokacin da ake cin abincin yamma, ba ta ce uffan ba.

"Yau lafiya?" in ji Mama. "Uwar Surutu ta yi shiru?"

"Lafiya lau, Mama."

"A bar ta," in ji Kaka. "Kunnuwana ma su huta."

Ta so ta faɗa. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye ta. Kaka kuwa bai sake duba katin ba. Ranar Juma'a ya naɗe shi cikin hankici, ya sa a aljihun rigarsa ta fita.

Ranar Asabar Mama ta kai su a mota. Ɗakin taron ya cika maƙil. Tebura ko'ina, katuna ko'ina, ga ƙanshin gugguru. Kaka ya sa tsohuwar hularsa ta ƙwallo. Yana tafe yana gaisawa da mutane, don kowa ya san shi.

"Lowell!" Mista Yoder ya kira shi da sunansa. "Tsoho mai ran ƙarfe! Ka kawo mana shi?"

"Ga shi nan. Ka wanke hannunka dai ko?"

Suka yi dariya. Mutane suka matso. Mista Yoder ya buɗe hankicin. Ya ɗauko madubinsa mai ƙara girman abu, ya sunkuya. Sai murmushinsa ya ɓace. Ya daɗe yana dubawa.

"Lowell," ya ce a hankali, "wa ya taɓa katin nan?"

"Ba kowa. Me ya faru?"

"Tawada biyu nake gani. Tsohuwa a ƙasa, sabuwa a sama. An bi sa hannun nan da wani alƙalami."

A wajen masu tara kati, babu abin kunya kamar sa hannun jabu. Wanda aka kama da shi, ba a ƙara yarda da shi.

Wani mutum mai jar riga ya yi tsaki. "Ashe da jabu tsohon yake cika baki," ya ce. "Mu kuwa muna ta ganin girmansa."

Kaka ya cire hularsa. "Ni ban taɓa cutar kowa ba," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Idan ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma duk garin zai ce Kaka maƙaryaci ne. Ta dubi farin gashinsa. Ta dubi hular da yake murzawa.

"Ni ce!" ta ce da ƙarfi.

Kowa ya juyo.

"Ni na bi shi da makata. Kaka bai sani ba, barci yake yi. Ya ce ba ya ganin sunan. Ni kuma so nake ya gani." Hawaye ya zubo mata. "Kaka ba ya ƙarya. Ni na ɓoye."

Mutumin mai jar riga ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, dattijo," ya ce. "Na yi saurin magana."

Mista Yoder ya durƙusa gaban yarinyar. "'Yata, kin san abin da ya sa ake son sa hannu? Ba don kyansa ba ne. Don hannun mutumin ne da kansa ya rubuta. Ko ya koɗe, nasa ne."

"To a goge nawa mana," in ji ta.

"Ba ya goguwa. Marchetti kuma ya rasu, ba zai sake rubuta wani ba."

Ba a saka katin a akwatin gilashi ba. Mista Yoder ya naɗe shi, ya miƙa wa Kaka da hannu biyu.

Da suka isa gida, Mama ta ce, "Me ya hana ki tambaya?"

"Na so in ba shi mamaki ne."

"Ai kuwa kin ba shi. Ba ke ba akwatunan katuna sai an yi hutu. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

Da yamma ta sami Kaka zaune a baranda. Katin yana kan cinyarsa. Ta tsaya daga nesa.

"Kaka, ka yafe min."

"Zo nan," in ji shi. Ta zo ta zauna. "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Kyautar kakarki ce. Abin da ya lalace ya riga ya lalace."

Ta sunkuyar da kai.

"Amma yau kin yi abu mai wuya. Kin yi magana a gaban mutane, kina jin tsoro. Katin ya rasa hannun Marchetti, ke kuma kin dawo min da sunana. Sunan ya fi katin."

Sai Kaka ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɓalle gidan robar da kansa. Ya ɗora babban yatsansa a kan guntun itacen, ya rufe ido.

"Shekara da shekaru ina son in taɓa sandan nan," ya ce. "Tsoro ya hana ni. Yanzu me ya rage? Kawo hannunki."

Ta taɓa. Itacen yana da ɗan kaushi.

Kaka ya ɗaga katin nesa da fuskarsa. "Dewey Marchetti," ya karanta. "Kai! Ina ganinsa sarai. Sai dai rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa."

"Kaka!"

"Ƙarya na yi? Dubi wutsiyar nan!"

Suka kwashe da dariya, har Mama ta leƙo ta taga.

Daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka gyara kayan wani, ka tambayi mai shi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kada laifinka ya hau kan wani.

Katin yana nan a kan teburin Kaka. Duk baƙon da ya zo, sai Kaka ya nuna masa, ya ce, "Sandan na Marchetti ne. Rubutun kuwa na jikata ne, wadda ba ta bari an kira ni maƙaryaci ba."