Jan Ɗankwali a Tsagin Dutse

Ku rage surutu. Balaraba, na ji gobe ke da 'yan ajinku za ku taka tsohon layin dogo har Tsagin Dutse, wai yawon buɗe ido. Zauna nan. Ba na maimaita magana.

Shekarar da aka kwashe ƙarafan layin, mu takwas muka bi ta nan za mu ta'aziyya Tashar Ganye. Mata bakwai, sai Sallau maƙeri da ya yi mana rakiya. Ƙanwata Tasalla tana bayana. Babu ƙarfe, babu katako. Tsakuwa ce kawai da ciyawa.

Rana na tsaka muka shiga tsagin. Dutse dama, dutse hagu. Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ga wani mutum tafe, da gajeren wando na kaki da doguwar guduma. In ya yi taku uku, sai ya bugi ƙasa. Ƙasa ce zalla, amma ƙarar ƙarfe take yi. Na dubi ƙafafunsa. A idon sawu suka ƙare.

"Ku sauka daga layi," ya ce. Muryar kamar daga cikin tulu.

Sallau ya yi dariya. "Wane layi, baba? Wanda na ƙera fartanya da kusoshinsa?"

"Ashe kai ne."

Sallau ya bangaje shi, ya yi gaba abinsa a tsakiyar hanya.

Tsakuwa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafafunmu. Warin hayaƙi ya cika wurin. Ba mu ga komai ba. Mata suka manne da dutse suna salati.

Can gaba wani abu ya ɗauke Sallau. Na ji ƙirjinsa ya fashe kamar an taka ƙwarya. Ya yi sama, ya faɗo, aka jawo shi a kan tsakuwa yana birgima. Hannunsa ɗaya ya cire, ya bugi dutse. Jini ya zana layi biyu a ƙasa, miƙaƙƙu, suna nufo mu.

"Yaya! Ƙafata!"

Tasalla ce. Ta faɗi a tsakiyar layi, ƙafarta ta maƙale a tsohon ramin magudana. Na ja, na ja. Ta ƙi fita.

Babanmu leburan reluwe ne. Ya sha gaya mana jirgi ba ya jin kuka, jan ƙyalle kaɗai yake gani. Ɗankwalina ja ne. Tun da na yi wayo ban taɓa buɗe kaina a waje ba, kun san ni. Ranar na fizge shi, na tsaya gaban Tasalla, na ɗaga.

Ƙarfe ya yi ƙara har kunnena ya yi jini. Jinin Sallau ya tsaya taku biyu daga yatsuna. Tururi ya feso daga inda babu komai, ya dafa mini hannu har gwiwa. Ku matso da fitila. Kun gani? Ba mai ne ya zubo mini ba, kamar yadda uwarku take faɗa muku.

Mai gudumar ya zo ya zare ɗankwalin daga hannuna, ya naɗe shi a aljihu.

"Kin tsayar da shi, yarinya."

"Yaushe zai tafi?" na tambaye shi.

"Sai ya ga kore."

Muka ciro Tasalla, ƙafa a karye. Da ɗingishi ta koma ga Allah. Sallau kuwa, a tabarma mazan gari suka zo suka tattaro shi, kuma ba duka aka samu ba.

Babu wanda ya ba jirgin nan hannu har yau. Yana nan tsaye cikin tsagin, wutarsa na ci, yana jira.

Ɗazu na ga kayan makarantarki a kan igiya, Balaraba. Kore ne, tun daga hijabi har wando. Ku arba'in, a jere, a tsakiyar layi.

Ba za ki je ba. Share hawayen nan. Da asuba ki kira mini malamin naku, ya zo ya ga hannuna.