Ƙafar Baba da Zuciyar Auta

Ranar da Sista ta fara shiga gidan, da cokali a hannunsa ta kama shi.

Ma'aikaciyar jinya ce, cikin waɗanda asibitin unguwa ke turawa gida-gida su duba tsofaffi masu ciwon da ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. An ba ta sabon majiyyaci, tsohon direban babbar mota, mai ciwon sukari da gyambo a ƙafar hagu. Ta yi sallama ta ɗaga labule, sai ga wani saurayi tsugune gaban tsohon, garin katako duk a gashin kansa, yana juya shayi. Gwangwanin sukari na buɗe a gefensa.

"Cokali na nawa ke nan?" ta tambaya.

Ya ɗago ya dube ta. Cokalin ya tsaya cak a cikin kofi.

"Na farko ne," in ji shi.

"Na uku ne," in ji tsohon. "Auta, kada ka yi wa baƙuwa ƙarya a gabana."

Ta danne dariyarta, ta rufe gwangwanin ta jefa a jaka. "Wannan son da kake masa shi zai cinye masa ƙafa," ta ce. Auta ya sunkuyar da kai, amma ta lura ta ƙasan ido yake bin hannunta da kallo tana kwance bandeji.

Kafinta ne, shi kaɗai ya rage tare da Baba tun rasuwar mahaifiyarsa. Da ta dawo ta tarar ya ƙera ɗan benci na ɗora ƙafa, ya lulluɓe shi da soso mai laushi. Ta koya masa gwada sukarin jini, da duba tsakanin yatsun Baba kullum, da zazzage takalmi kafin a sa. Mutumin da ke wuni da zarto da guduma, sai ga shi yana runtse ido in za a huda yatsa.

"Buɗe idonka, Mai Sukari," ta ce. "Ba kai ake sokewa ba."

Sunan ya bi shi. Ta ba shi lambarta saboda larura, kuma da farko larurar ce kawai yake rubutowa. Sai wata rana da yamma saƙo ya shigo:

"Sista, na gwada Baba, komai daidai. Ni ne dai ba daidai ba. Ranar da ba ki zo ba, ƙusa uku na lanƙwasa."

Ta karanta tana tsaye a tashar mota, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta amsa:

"Ba na duba masu ƙarfi a jika. Amma zan yi maka alfarma."

Wata safiya ta zo Auta yana wurin aiki. Ta yi sallama shiru. A banɗaki ta sami Baba a ƙasa, sukarinsa ya faɗi, jikinsa na rawa, tufafinsa sun ɓaci. Ta ba shi abin da ya farfaɗo da shi, ta wanke shi, ta sauya masa kaya, ta kai shi gado. Ya juya fuska ga bango ya ce, "Kada kowa ya san yadda kika same ni." Ta gaya wa likita da Auta cewa ya faɗi, don dole su sani. Sauran ta bar wa cikinta.

Soyayya dai ta yi ta tsiro. Akwai wata tsohuwa mai hawan jini a layin baya da ta ƙwallafa rai sai Sista ta auri ɗanta mai shagon magani, shi kuwa kullum motarsa na fake a inda za ta wuce. Ranar da ruwan sama ya tsare ta, ta yarda ya sauke ta, kuma a kan idon Auta. Sai can Auta ya rubuto mata:

"Na ga an kawo ki a mota mai sanyi. Ni babur ɗina ma sai an tura yake tashi."

"Motar bakin ƙofa ta tsaya," ta amsa. "Wanda ya shiga zuciyata da ƙafa ya tako, yana warin katako. Ka daina kishi, Mai Sukarina."

Washegari Auta ya zauna gaban Baba ya faɗi abin da ke ransa, cewa Sista yake so ya aura. Ya ɗauka tsohon zai yi murna, tunda bakinsa ba ya gajiya da yabonta.

"Kowace ka kawo na karɓa," in ji Baba. "Ban da ita."

Bai ba da dalili ba, kuma ya hana a sake ta da zancen.

Da Auta ya gaya mata, Sista ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta san irin abin da wasu ke faɗa a kan aikinta: mace mai yawo gidajen mutane tana wankin gyambo. Ashe ta isa ta riƙe ƙafar Baba, ba ta isa ta shiga zuri'arsa ba. Mahaifiyarta ta ce, "Inda ba a yi miki shimfiɗa ba, kada ki zauna." Sai ta roƙi shugabarsu a sauya mata gida. Aka tura abokin aikinta, wanda kowa ke kira Dogo.

Auta bai daina rubutowa ba. "Likitata, ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan iya barin ki ba. Ki ba ni lokaci." Ta karanta ta kife wayar.

Ba a jima ba Dogo ya tare ta a ɗakin ajiye magani. "Tsohon nan naki ya hana ni taɓa bandejin. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari. In aka ci gaba haka, sai dai a yi maganar yankewa."

Ba ta tsaya cire rigar aiki ba. Ta sami Baba zaune, ya rame, Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ta ja kujera, ta ɗora ƙafar a benci, ta fara kwance bandejin. Bai hana ta ba.

"Baba, ka ƙi ni, na haƙura. Ƙafar me ta yi maka?"

"Wa ya ce na ƙi ki?"

"To mene ne?"

Ya dubi ɗansa. "Ba mu wuri." Sai da Auta ya fita ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Ke kin gan ni ranar nan. Ta yaya za ki durƙusa ki gaishe ni a matsayin uban mijinki, alhali kina tuna ni kwance a ƙasan banɗaki kamar jariri? Wane kwarjini ya rage mini a idonki?"

Ta ajiye audugar da ke hannunta.

"Ka san abin da nake tunawa daga ranar? Kana kwance, ko kai ba ka iya ɗagawa, na shigo da gudu, sai ka ce mini, 'Yi a hankali, yarinya, ƙasan da santsi, kada ki faɗi.' Ni ban tashi da uba ba, Baba. Ranar na koma gida na ce wa mahaifiyata yau na ji yadda uba yake magana."

Baba ya kawar da kai gefe. Ya goge ido da bayan hannu, ya yi gyaran murya.

"Na faɗi haka?"

"Ka faɗa."

"To in kin zama surukata, wa zai riƙa duba ƙafar?"

"Dogo. Dokar aikinmu ba ta bari mu yi jinyar namu."

"Wannan da hannunsa kamar na mai canza taya?"

"Zan koya masa sassautawa. Amma sai ka bari a kai ka asibiti yau."

Ya ɗaga murya. "Auta, na san kana laɓe. Shigo ka ɗauko mini hulata."

Ya yi kwanaki a asibiti, aka ceto ƙafar. Shi da kansa ya ce ba za a sa ranar aure ba sai gyambon ya rufe, don ba zai nema wa ɗansa aure daga kan gado ba. Mahaifiyar Sista ta so ta ja, amma da tsohon ya tako har falonta yana dogara sanda ya ba ta haƙuri, sai ta amince.

Ranar ɗaurin aure, ana ta ce wa Baba ya zauna, ya ƙi. Da aka kawo amarya ta gaishe shi, ya dafa kanta, ya kamo hannun Auta ya haɗa da nata.

"Allah ya sa albarka a gidanku. Ya ba ku 'ya'yan da za su riƙe ku in ƙarfi ya tafi, kuma su riƙe ku da mutunci."

Ɗakin ya amsa da amin. Auta ya matse yatsunta a hankali, ya raɗa mata, "Yanzu fa kin zama tawa, Likitata."

"Tun tuni," ta ce. "Kai ne ba ka lura ba."