Bugu Dubu a Daƙiƙa Ɗaya

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wanda ya yi dariya, shi zai je rufe ƙofar zaure.

Kawu Haladu da kuka sani, shi ke kula da babbar kwamfutar wani asibiti. Ɗakinta a ƙarƙashin bene yake, ba taga, sanyi kamar cikin randa. Kwamfutar tana da bugu irin na zuciya, sau ɗari a daƙiƙa. Duk bugu sai ta ajiye aikin hannunta, ta duba wa ke ƙwanƙwasa mata ƙofa da buƙata. Kawu kuwa akwai son burga. Wata safiya ya mayar da bugun sau dubu, wai ta ƙara sauri. Ko bismillah bai yi ba.

A ranar matarsa, Inna Turai, ta haihu a sama, jini ya ɓalle mata. Firjin jini ba ya buɗewa sai kwamfuta ta tabbatar da wanda ya dace da ita. Ita kuwa kwamfutar ta zama jakin da aka yi wa lodi, duba ƙofa ya cinye mata ƙarfi.

Likita ya ce, "Haladu, ba mu da minti goma."

Rana tsaka ya sauka ɗakin kwamfutar da gudu, shi kaɗai. Hawaye na zuba kan madannan kwamfutar. Tsoro ya rufe masa basira, har yana shirin ƙara bugun.

"Ɗan nan."

Wata tsohuwa ce tsugune bayan akwatunan ƙarfe, da goyo. Muryarta a yanke take fita, gutsure-gutsure. Ƙofar kuwa shi ya kulle ta da kansa. Ya kalli ƙasa. Dugaduganta ne a gaba, yatsu suna baya.

"Iya, don Allah, matata..."

"Jikana fa?" Ta juyo da goyon. Yaron ya lanƙwashe, ba ya ko iya kuka. "Tsakanin bugu da bugu akwai shiru. A nan muke zaune. Ka matse mana gida tun safe. Uwarka ba ta koya maka ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bismillah?"

Ya durƙusa. "Na tuba. Me zan yi?"

"Mayar da bugun ɗari."

"Sai an kashe ta an kunna, Iya. Minti huɗu. Matata za ta mutu!"

"Zan riƙe maka ita. Amma gidanmu ya rushe. Ka ba jikana wurin kwana."

"Ɗauki duk inda kike so!"

Kun ji wautar. Bai tambaya ina ba.

Ya yi bismillah, ya kashe. Ɗakin ya yi tsit. Agogon hannunsa ya tsaya. Ɗigon hawayensa ya tsaya a iska, bai faɗi ba. Yana ji a jikinsa tsohuwar na riƙe da wani abu mai nauyi, tana nishi.

Fitilun akwatunan suka dawo kore. A sama firji ya buɗe. Likita ya rantse ko daƙiƙa ɗaya ba ta wuce ba. Inna Turai ta rayu. Tsohuwa kuwa babu ita, babu sawunta.

Da Kawu ya ɗauki jaririyarsa, ya kanga kunne a ƙirjinta don murna. Ya ji bugu, bugu, bugu. A na ɗari sai shiru. A cikin shirun nan ya ji numfashin wani yaro yana barci.

Likitoci sun duba, ba su ga cuta ba. Kawu bai sake shiga ɗakin nan shi kaɗai ba, ku ma kada ku kuskura, ko da rana tsaka ne.

Ba ku yarda ba? Ga 'yar tasa Tasalla nan kwance a bayanku, tana barci. Ɗaya ya sa kunne ya ƙirga. Ni na ƙirga sau ɗaya, ban ƙara ba.