Wanda Ya Kunna Lezar Fadila

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Fadila Shu'aibu ta koma shagonta na walda da ke bayan tashar Gazawa. Kwaɗon ƙofar yana kulle yadda ta bar shi. Tana shiga ƙaurin ƙonannen ƙarfe ya buge ta. Ta dubi teburin aiki, ta ga wayam. Na'urar da ta ɓata shekaru tana ƙerawa ta yi ɓatan dabo.

Ajidan Abdulmumini na jandarmomin Gazawa ya iso kafin la'asar. Dogo ne mai ƙarancin magana, ya fi son ya duba kafin ya tambaya. Ya ga ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Babban injin walda na leza, mai ɗinke ƙarfe da haske, wanda duk sashen babu mai irinsa, yana nan a mazauninsa. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin injin, ya ji sauran ɗumi. A ƙarƙashin tebur ya tsinci guntayen kwano biyu da aka fara haɗawa aka bari. Layin waldar ya karkace kamar sawun tsutsa, ya kuma tsaya a tsakiya.

Ya ce ta yi masa bayanin abin da aka sace, kamar tana yi wa wanda bai san ƙarfe ba. Ta ce kwanon da ake rufi da shi yana da shafen tutiya mai hana tsatsa. In an ɗora ɗaya a kan ɗaya an sa wuta, tutiyar da ke tsakani sai ta tafasa, hayaƙinta ya rasa mafita, ya huda waldar. Rumbun wake na ƙarfe kuwa, irin wanda take ƙerawa, in yana da huda ko ta bakin allura, iska za ta shiga, ƙwari su rayu su cinye hatsi. Na'urarta ƙafafu biyu ne na ƙarfe masu murzawa, suna fitar da 'yan ƙuraje a bakin kwano, su riƙe shi da tazara kamar silin gashi. Hayaƙin ya bi ta nan ya fice, leza ta ɗinke ba huda. Ranar Litinin ta shirya kai takardunta Yamai don neman shaidar mallakar ƙirƙira.

Ajidan ya tambayi waɗanda suka san da zaman na'urar. Ta lissafa masa Malam Rabi'u da ke taimaka mata da takardu, da ƙanen mahaifinta Baba Habu mai riƙe da makulli na biyu, da Alhaji Mujahid na Gidan Rumji mai kawo mata kwano. Ta ƙara da Rilwanu mai walda a Agiye, wanda bai taɓa ganin na'urar ba amma ya sha yin shelar cewa ƙarya ce.

Washegari da safe al'amarin ya ƙara muni. Wani bidiyo ya bazu a salular masu walda daga Tasawa har Maraɗi, daga lambar da ba wanda ya sani. Ba fuska a ciki, sai hannuwa cikin safar aiki suna juya na'urar, suna nuna cikinta dalla-dalla, sannan suka ɗauki bindigar leza suka fara walda. Ana tsaka da haka bindigar ta faɗi a kan tebur, hoton ya yanke.

Malam Rabi'u, malami a wata lakol ta koyon sana'a a Maraɗi, ya zo buro, wato ofishin jandarma, da kansa ransa a ɓace. Ya ce ba a ba da shaidar ƙirƙira sai abu ya cika sharuɗɗa: ya zama sabo, ya zama ba dabarar da kowane gwani zai hango da kansa ba, ya kuma yi aiki a masana'anta. Fasahar Fadila ta cika su duka, amma yanzu da duniya ta gani, masu tantancewa za su iya cewa ba sabuwa ba ce.

“To shi ke nan ta rasa?” in ji Ajidan.

“Sai dai in an tabbatar ta hanyar sata abin ya fita. In hukuma ta kama ɓarawon, ta shaida haka, fallasar ba za ta hau kanta ba.”

Ajidan ya cire shi daga zargi tun a nan. Mutumin da zanen na'urar gaba ɗaya yake hannunsa tun bara ba ya bukatar ɗaukar ƙarfe a kafaɗa, kuma limamin unguwarsu ya ce a sahun gaba ya yi Juma'a a Maraɗi.

Baba Habu, wanda ke sayar da igiya da buhu a bakin kasuwa, ya rantse makulli bai bar aljihunsa ba ranar Juma'a. Ajidan bai musa ba, sai ya tambaye shi sauran ranakun. Tsohon ya ce ranar Alhamis Fadila ta je Gangara auna wa wata ƙungiyar mata wurin rumbu, Alhaji Mujahid ya zo da kwano, shi ne ya ba Alhaji makullin ya sauke kaya. Bai dawo da shi ba sai bayan azahar. Amma Alhaji mutumin kirki ne, in ji shi, kuma da hantsin Juma'a ya yi masa sallama ya kama hanyar gida.

Daga nan Ajidan ya hau moto, wato babur, zuwa Agiye. Ya sami Rilwanu a ƙarƙashin wata amalanke yana ɗaure mata ƙafa. Rilwanu bai ɓoye ba, ya ce ya faɗi maganganu a kan yarinyar, don bai yarda haske zai yi abin da wuta ba ta yi ba. Ajidan ya miƙa masa guntayen kwanon. Ya juya su, ya taɓe baki.

“Ranka shi daɗe, in ka ce ni na yi wannan, ka zage ni. Mai wannan layi bai taɓa riƙe bindigar walda ba. Dubi yadda hannunsa ke rawa.”

“Da gangan fa?”

“Mai hannu ko ya so ɓatawa, hannun ba shi yarda. Kuma uban yarinyar nan shi ya koya mini riƙon guduma. Baki na yi mata, ban yi mata sata.”

Mutanen garejinsa sun tabbatar Rilwanu bai bar Agiye ba ranar. Ajidan ya koma Gazawa, ya zauna da Fadila suka sake kallon bidiyon. Ya tambaye ta me zai sa mutum ya saki bindiga haka. Ta buɗe jakarta ta fito da wani tabarau mai kauri na kare ido daga leza. Ta ce shi kaɗai gare ta, kuma ba ta barinsa a shago. Hasken leza ido ba ya ganinsa, in ya bugi kwano mai sheƙi yakan dawo, ya ƙone cikin ido ba tare da zafi ba. Wanda abin ya sama, duk inda ya duba zai riƙa ganin baƙin ɗigo a tsakiya.

Ranar Lahadi da sassafe Ajidan ya kama hanyar yamma. Ya tsaya a shingen peyaji na Agiye, inda ake biyan kuɗin hanya. Masu tsaron sun san farar motar Alhaji Mujahid sarai, don ba ya wucewa bai miƙa musu goro ba. Suka ce ranar Juma'a da yamma ta wuce, ba da hantsi ba, kuma wani direban tasha ne ke jan ta, Alhaji yana gefe ya rufe fuska da rawani.

A Gidan Rumji ya ɗauki jandarmomi biyu na can, ya bar su a bakin titi, ya shiga rumfar Alhaji shi kaɗai. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, baƙin gilashi a fuskarsa. Ya ce ya ji labarin satar, abin ba daɗi, ɗiyar nan kamar ɗiyarsa ce. Da kansa ya ɗauki buta zai zuba wa baƙo shayi. Shayin ya sauka a kan faranti, gefen kofi. Ya karkatar da kai, ya duba ta wutsiyar ido, sannan ya daidaita.

“Idon lafiya, Alhaji?”

“Apolo ne ya kama ni.”

“Allah shi sawwaƙe. Cire gilashin in gani.”

Alhaji ya cire. Idon fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye.

“Yaushe ka baro Gazawa?”

“Da hantsi, na faɗa wa Habu.”

“Ina ka yi Juma'a?”

“A Cadawa.”

“Cadawa tana gaba da Agiye. Motarka ba ta wuce Agiye ba sai da yamma. Kuma me ya hana ka tuƙi?”

Ajidan ya kira abokan aikinsa, aka buɗe sito. A bayan tulin kwano suka sami na'urar naɗe cikin buhu. Kusa da ita akwai wani ƙaton akwatin katako da ba a buɗe ba, sabon injin walda na leza ne a ciki.

A buro, gaban kwamandan Gidan Rumji, Ajidan ya warware zaren. Ya ce ɓarawon da ya bar injin mai tsada ya ɗauki guntun ƙarfe ya san abin da ya zo nema, don haka ba ɓarawon tasha ba ne. Ƙofa ba a fasa ba, ke nan makulli ya taɓa shiga hannunsa, kuma Alhaji ya riƙe na Habu tsawon lokacin da ya isa a yanka wani. Ya yi sallama da hantsi don a shaida ya tafi, ya fake a bayan gari har maza suka shiga masallaci, don ba mai cigiyar matafiyi a sahu. Layin waldar ya nuna ba mai sana'a ba ne, wannan ya fitar da Rilwanu. Bidiyon kuwa ba don nuna bajinta aka yi shi ba. In Fadila ta sami shaida, ba mai yin rumbu da wannan dabara sai da izininta. In fasahar ta zama ta kowa, wanda ke da kwano da injin leza shi zai kwashe kasuwa, kuma ga injin a sitonsa. Abu ɗaya ne bai sani ba, wato hasken da ba a gani yana ƙuna.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce ya nemi Fadila ta sayar masa da dabarar, ta ce ita manoman yankin take son koya wa da hannunta, shi ne zuciya ta ɗebe shi. Da aka kira Fadila aka shaida mata, ta yi hamdala, sannan ta roƙi a fara kai shi wurin likitan ido a Maraɗi kafin gidan kaso. Aka yi hakan. Likita ya ce idon dama ba zai koma daidai ba.

Da safiyar Litinin tashar Gazawa ta cika. Masu walda sun rufe shagunansu, matan Gangara sun zo a amalanke, Rilwanu ya taho tun daga Agiye da yaran garejinsa. Shi ya karɓi jakar Fadila ya ɗora a mota, ya ja kunnen direba ya tafi da ita a hankali. Ajidan ya miƙa mata rahoton jandarma mai hatimi, ta haɗa da takardunta.

Bayan damina biyu shaidar ta fito da sunanta. A lokacin an riga an yanke wa Alhaji Mujahid hukunci, an kuma mayar da Ajidan Abdulmumini aiki can gabas, wajen Gure. Wata rana yana sintiri a wani ƙauye ya ga rumbun ƙarfe yana sheƙi a ƙofar gidan mai gari. Ya sauka, ya bi layin waldar da yatsa, sumul ba huda. Mai gari ya ce masa ai daga ƙasar waje ake kawo irinsu.

“A'a, Baba,” in ji Ajidan. “Aikin Gazawa ne. Na san mai shi.”