Tururuwa a Cikin Ludayi

Rigimar ta soma ne ranar da Goggo Hajjo ta jefa tururuwa cikin nonon da Sauda ta tatsa a ludayi. Tururuwar ba ta fito ba. Goggo ta yanke hukunci cewa nono ya ɓaci, shi ya sa jaririyar Sauda take ramewa, kuma nonon mai shayarwa ba ya ɓaci sai namiji ya kusance ta. Ta hana shayarwa, ta sa aka sayo madarar gwangwani.

Uwaisu, mijin Sauda, ya bar goggonsa da hukuncinta, amma ya san tun haihuwar bai kusanci matarsa ba. To wane ne?

A masaƙar Bompai inda yake aiki, zare ya riƙa tsinke masa a hannu. A gida kuwa yarinya sai gudawa, wuyanta kamar sillen kara. Ana haka wani maƙwabci ya raɗa masa cewa kullum da hantsi Sauda tana fita da goyo, ta shige gidan Lawal, abokin aikinsa, wanda aka mayar aikin yamma.

Ran nan ya ce wa shugaban aiki ba shi da lafiya, ya bi sawunta ta lungunan Dakata, ya faɗa gidan babu sallama.

Lawal ba ya nan. Matarsa Amina ce zaune a tabarma tana shayar da 'yar Uwaisu, Sauda kuma ta rungume ƙosasshen ɗan Amina yana tsotsonta. Amina ta ja mayafi, ta yi bayani kanta a sunkuye: malamar asibiti ta ce nonon Sauda lafiyarsa ƙalau, raguwa kawai ya yi, tsotso ne zai dawo da shi, ita kuwa yarinyar ba ta da ƙarfin ja tukuna. Tsoron Goggo ya sa suka ɓoye.

"Maigida... wa ka zo kamawa?" in ji Sauda.

"Sauda, sanyin idona, ni dai..."

"Goggo da baki ta zarge ni, na jure. Kai kuwa da ido ka yi ta yi, safe da yamma."

Ya durƙusa yana neman gafara. Ta daɗe tana dubansa, hawaye na ɗiga a kan ɗan mutane.

"Wannan gidan aure ne. Fita ka yi sallama," in ji Sauda.

Ya koma zaure, ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Sai a ta uku ya ji muryar Sauda, can ƙasa-ƙasa, ta amsa.