Hanyar da Zayyanu Ya Zana

Ku matso kusa. Ke Ummita, kife wayar nan, haskenta yana kashe min ido. Mai jin tsoro ya tashi tun yanzu, bana son ihu a tsakiyar magana.

Kun san Zayyanu, mijin Anti Murja, dogon nan mai gilashi? To, shi abin ya faru da shi.

Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ɗauke shi aiki. Rigimar iyaka ta ishe su, kullum wani ya ci gonar wani, kullum ana gaban mai gari. Shugabarsu, Hajiya Asabe, ta ce a haɗa musu taswira a kwamfuta, wadda in ka taɓa gona za ta nuna maka ta wane ce, ina ta fara, ina ta tsaya, wace rijiya ke ba ta ruwa. Zayyanu ya tsara komai tun daga tushe. Aikin kuwa da ƙafa ake yin sa. Akwai wata 'yar na'ura kamar waya. Kana riƙe da ita kana bin iyakar gona, tana ja maka layi. In ka dawo inda ka faro sai ka danna, layi ya haɗe, gona ta fito.

Shi da kansa ya kafa wa na'urar doka: in layi ya haɗe, ba ya goguwa a daji, sai an koma ofis. Don kada wani ya ba ma'aikaci na goro ya matsa masa iyaka. Wallahi dabara ce mai kyau.

Aiki ya yi nisa. Gonaki sun jeru a fuskar kwamfuta gwanin sha'awa, sai wani wuri fari fat a tsakiya, kamar giɓi a baki. Wani kurmi ne a bayan Tungar Maje.

Hajiya Asabe ta ɗora yatsa a kai. "Malam Zayyanu, wannan fa?"

"Hajiya, mutanen garin ne suka hana ma'aikatanmu. Wai ba a zagaye kurmin nan gaba ɗaya. Ko shinge za a yi, sai an bar bakin gabas a buɗe."

"Ikon Allah. Haka za mu nuna wa mutane taswira da huda?"

"Bar ni da shi, Hajiya."

Kun san mutumin da aikinsa ya shiga ransa. Giɓin nan ya tsaya masa a wuya. Bai gaya wa kowa ba, ya hau mashin ya tafi. Kuma don kada a tare shi da surutu, sai ya zaɓi rana tsaka, lokacin da kowa ya bar gona ya nemi inuwa. Rana tsaka fa! Ko yaron goye ya san wannan ba lokacin shiga kurmi ba ne.

Ya jingine mashin a bakin gabas, inda wata siririyar hanya ta shige tsakanin itatuwan kanya biyu. Ya danna, ya fara zagaye. Ba abin da ya gani. Tsuntsaye na kuka, gyare na ƙara, gumi na bin bayansa. Har dariya ya yi wa mutanen Tunga a ransa. Da ya zagayo, sai ya tarar da sarƙaƙiya ta tare daidai inda ya faro. Ya ɗan ratsa ta ciki, ya danna. Na'urar ta ƙarasa layin da kanta. Ya haɗe, shi yana daga ciki.

Gyare ya yi shiru.

Ba a hankali ba. Ɗif, kamar an ɗauke wuta.

Ga mashin ɗinsa can, yana ganin madubinsa na walƙiya. Ya nufe shi. Ya yi ta tafiya. Da ya ɗaga kai, sai ga shi a gindin wata tsohuwar tsamiya a tsakiyar kurmi. Ya ce rana ce ta juya masa kai. Ya yi yamma, ya dawo gindin tsamiya. Ya yi kudu da gudu, ƙaya na yagar wandonsa, ya dawo gindin tsamiya. Ya zaro waya, babu sabis. Ya dubi inuwarsa, tana nan ƙarƙashin ƙafarsa ba ta matsa ba, alhali maƙogwaronsa ya bushe kamar ya wuni da azumi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Sannu da aiki."

A bayan kunnensa ya ji muryar. Ya juya, babu kowa. Ya juyo, ga mutum tsaye a gabansa. Dattijo ne, farar riga tas, babu ko ƙura. Yana riƙe da igiya. Igiyar a miƙe take, tana ja, tana motsi, amma ba a ɗaure komai a bakinta ba.

"Yauwa, Baba. Sannu."

"Kai ne mai shingen?" Bakin dattijon na motsi a gaba, maganar na fitowa ta baya.

"Baba, ban kafa komai ba. Zane ne kawai."

"Dabbobinmu ba su sha ruwa ba. Buɗe."

Zayyanu ya danna wurin gogewa. Na'ura ta ce a tuntuɓi ofis. Ya sake dannawa. A tuntuɓi ofis. Shi ya rubuta kalmomin nan da hannunsa, yana shan shayi a ƙarƙashin fanka. Ya ji kamar ya ɗora hannu a ka ya yi kuka.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ya buɗuwa sai a ofis."

"To je ka ofis ɗin."

"Na kasa fita."

"Mu ma."

Dattijo ya zauna a ƙasa. Sai ciyawar da ke gefensa ta kwanta, kamar wani ya zauna. Ta gaba ma ta kwanta. Ta bayan Zayyanu ta kwanta. Haka, haka, har suka sa shi a tsakiya. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya yi masa tsawa. Jira kawai suke, kuma ya gane irin jiran da ba ya gajiya ne. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Ya tuna Murja tana can ta rufe masa abinci, ba ta ma san inda za a neme shi ba.

Can dabara ta faɗo masa. A tsarin da ya yi, hanya tana ratsa kowane layi, saboda burtali da turbar ƙafa suna bi ta cikin gonaki. Ita hanya ba a haɗe ta. Ka danna ka fara, ka taka, in ka kai ƙarshe ka danna ka tsayar.

"Baba, ba zan iya gogewa ba. Amma zan iya fitar muku da hanya."

"Zuwa ina?"

"Bakin ruwa, a fadama. Inda na tsayar, nan ta ƙare."

"Inda ka tsayar." Dattijo ya miƙe. "Wuce gaba. Kada ka waiwaya."

Ya danna. Ya ɗaga ƙafa. Bayansa ya cika da motsi: kofato, numfashi, ƙarar ƙwarya na gogar ƙwarya, wani jariri na tari. Wani abu mai ɗumi yana shinshinar dunduniyarsa. Ya kafe ido a kan itatuwan kanyar nan, wannan karon suna matsowa. Ya ratsa tsakaninsu. Gyare ya ɓarke da ƙara. Hannunsa ya taɓa ƙarfen mashin, da zafi.

Ruwan fa yana nan hagu, ɗan taku kaɗan. Amma ina! Wa ya ga ruwa? Ya cusa na'ura a aljihu, ya buga mashin, ya ba shi wuta. Bai san ya wuce Tunga ba, bai san ya hau kwalta ba. Kai Sadi, daina dariya, da kai ne ko takalmi ba za ka tsaya ɗauka ba.

Murja ta gan shi ta dafe ƙirji. "Baban Ikram, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya wuce ta. Ya shige ɗaki, ya faɗa kan gado, yana ta hamdala. Sai ya ji wani abu na tokare masa cinya. Ya zaro na'urar. Tana nan a kunne, tana ta aikinta. Ga layi ya fito daga kurmi, ya baro ruwa a gefe, ya bi kwalta, ya shigo gari, ya karya kwanar masallaci, ya shiga lungunsu, ya ratsa zaure. Kan layin yana kan gadonsa. Yana kallo cajin ya ƙare, fuskar na'urar ta yi baƙi.

Daga tsakar gida Murja ta ɗaga murya.

"Baban Ikram, ka yi baƙi. Wani dattijo ne. Wai ina za su shayar da dabbobi?"

Washegari aka goge layin a ofis, har da na kurmin. Bai hana komai ba, an riga an taka hanyar. Har gobe ruwa ba ya kwana a gidan nan. A cika randa, a cika duro, da rana tsaka sai a tarar da su ƙaf, ƙasan kuma duk sawu.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In tafiya ta kai ɗayanku bayan Tungar Maje, ya ga siririyar hanya tsakanin kanya biyu, kada ya bi ta shi kaɗai. In kuwa ya ji ana biye da shi, kada ya nufo mana gida.