Saurayi Mai Ƙarar Da Randa

A gidan Malam Audu tela da ke Makera, duk ranar da Lawal ya zo zance wurin Dije, randa ce ke fara ji a jikinta. Lawal ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ga Besfa, ga ladabi. Sai dai in ya tsuguna alwala, a tuƙa tuwo a kwashe bai kai ga ƙafa ba.

"Kun ga waliyyi!" in ji Malam Audu, mahaifin Dije. "Samarin yanzu su shafa ruwa kamar kyanwa su tashi. Ke 'yar nan, kin tsinci dami a kala!"

Dije kaɗai ta lura da hannuwan waliyyin, duk sun yi fari sun tsattsage. Rannan a zaure ta ritsa shi.

"Wai Lawal, tsakaninka da Allah, daɗin wannan wanke-wanken kake ji?"

Sai ga hawaye shar a idon Lawal! "Wane daɗi, Dije? Ina wankewa, zuciyata ta ce bai wanku ba. Na san ƙarya ne, wallahi na sani, amma in ban sake ba ƙirjina kamar zai fashe. Ko barcin kirki ba na yi. Manaja har ya ba ni takardar gargaɗi saboda latti."

Kafin ta san abin yi, Malam Audu ya tara maƙwabta da magariba don ya yi tutiya da surukinsa, ya tura shi gaba ya ja salla. Lawal ya ɗaga hannu, "Allahu akbar!" ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sauke. Mutane na tsaye a sahu, duhu na shigowa, sai limamin ya juya a guje ya koma wurin buta!

"Ashe taɓaɓɓe ne!" Malam Audu ya shigo gida yana huci. "Na fasa! A mayar masa da kayansa!"

"Baba, don Allah, ciwo ne—"

"Rufe mini baki!"

Dije ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta leƙa gidan maƙwabciyarsu Sista Ruth, nas a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

"Haba ƙanwata, share hawayenki," in ji Ruth. "Ciwon waswasi ne. Wani wanke hannu, wani duba ƙofa, tunani ya maƙale masa sai ya yi ta maimaita abu. Ya zo ya ga likita."

Da Malam Audu ya ji, sai abin ya ƙara ƙazanta. "Surukina a Barnawa? A ce da ni me a kasuwa?"

Dije ba ta yi tsiwa ba, ba ta kuma saurari ko ɗaya daga cikin samarin da suka fara sintiri ba. Lawal kuwa ya dage da zuwa asibitin. Likita ya ba shi magani, ya kuma ɗora masa aiki mai wuya: ya wanke yadda aka saba, ya tashi, ya daure wa fargabar har ta sauka da kanta. Limamin unguwa ma ya ce ai haka addini ya ce, mai waswasi ba ya bin kokwanto.

Damina ta wuce. Wata la'asar Lawal ya yi sallama. Malam Audu ya ɗaure fuska, sai matarsa Inna Hauwa ta leƙo.

"Malam, a yi a hankali dai. Wa ke dawowa daga bakin titi kullum ya jijjiga kwaɗon shagon da ya riga ya kulle?"

"Wannan ai... tsaro ne!"

"To shi ma tsaron ne ya yi masa yawa."

Malam Audu ya yi gyaran murya, ya tura wa Lawal buta. Dije na bayan labule tana leƙe. Lawal ya wanke fuska, ya kai ƙafa, ya miƙe tsaye.

Tsohon ya ɗaga butar ya girgiza. "Kai, har da saura?"

"Har da saura, Baba."

Da sauran ruwan nan Malam Audu ya yi tasa alwalar, bayan salla ya sa ranar biki.

To jama'a, ciwon rai ba walittaka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne, ciwo ne mai magani. Dije ta yi haƙuri ta sami mijinta, randa ma ta huta.